Kalma Mai Harafi Biyu a Wasiƙar Barira

Tunda kun ce biro, wato ofishin fassara, kuke son buɗewa, kuma kun ce aikin ba shi da wuya saboda waya tana yin rabinsa, to ku gyara zama in faɗa muku yadda ni na same shi. Shekara talatin da 'yan kai ina zaune a rumfar nan ta bakin kasuwar Dole, nan Zinder. Ina juya wa mutane magana daga Hausa ko Faransanci zuwa Ingilishi, in kuma takarda ta zo daga Najeriya ko Gana in juyo musu ita. A duk tsawon wannan lokaci babbar kalma ba ta taɓa ba ni wahala ba, domin ana nemanta a samu, ma'anarta ɗaya ce ko biyu. Abin da ke kayar da mutum ƙananan nan ne da aka koya muku da sunan prepozisiyo a lekwal, wato makarantar boko: «in», «on», «at», «to», «by», «for» da 'yan uwansu.

Wasiƙar farko da na rubuta ta wani direban kamiyo ce, wato babbar motar kaya, a wurin maigidana Malam Garba, wanda duk unguwar Zango ke kira Akawu. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin akawu a wani kamfanin gyaɗa a Kano. Can ya kwaso Ingilishinsa da keken rubutunsa, wanda shi kaɗai ke ce wa tafireta, mu muna cewa mashin. Ni kuwa na fito daga kolej ina taƙamar babu wanda ya kai ni maki a Ingilishi. Kawuna ya kai ni wurinsa ya ce ga shi nan, ya iya. Akawu ya ce to, za mu gani. Wata uku ban taɓa mashin ba. Aikina shi ne yanka takarda, jera karbon, da kwafe tsofaffin wasiƙu da hannu cikin kaye, littafin rubutu.

Direban nan ya samu matsala da wani jami'i a shingen hanya cikin Najeriya. An riƙe masa takardun mota, an ce ya rubuto bayanin abin da ya faru. Abin da ya faɗa mana mai sauƙi ne. Yana saman mota yana ɗaure tamfol, jami'in yana ƙasa ya ce a ba shi makulli, shi kuma ya cilla masa. Makullin ya faɗi ƙasa, jami'in ya ce raini ne. Akawu ya ce in fara rubutawa da alƙalamin bik. Na rubuta «I threw the keys at the officer», na miƙa masa ina jiran yabo.

Ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi direban. "Malam, jifansa ka yi da makullin?"

Direba ya zabura. "Jifa kuma? Wallahi cilla masa na yi ya cafe!"

"To ga shi an rubuta maka cewa jifansa ka yi. Da ka kai musu wannan, da hannunka ka amsa laifi."

Bai yi mini faɗa ba. Ya soke «at», ya sa «to», ya ce in buga. Bayan mutumin ya tafi ya ce mini «throw to» cilla wa mutum ne ya karɓa, «throw at» kuwa jifa ce. Haka «shout to» kira ne daga nesa, «shout at» tsawa ce. Ya ce in rubuta su huɗun a kaye, in daina duban maki na kolej.

Akawu ba ya koyarwa da dokoki. Abu ɗaya yake maimaitawa: kada ka haddace kalma ita kaɗai, haddace ta da abokiyar tafiyarta. Ba a haddace «listen», sai «listen to». Ba «depend» ba, «depend on». Haka «afraid of», «good at», «married to». Wannan na ƙarshe ya fi kama mu 'yan lekwal, domin Faransanci ya ce «avec», Hausa ta ce "da", sai hannu ya tafi ga «with» da kansa. Mu nan harshe biyu ne ke ja mana hannu, ba ɗaya ba. Ku duba "a" ɗinmu ta Hausa. Muna cewa a Kano, a tasha, a hanya, duk da ita kaɗai. Ingilishi sai ya raba ta uku: «in Kano», «at the station», «on the road». Lokaci ma haka: «at nine», «on Monday», «in June».

Wata rana na gaji na ce, "Baba, don me ake cewa «in the car» amma «on the bus», alhali duk biyun ciki ake shiga?"

Ya ce, "Je ka tambayi wanda ya yi harshen. Ni akawu ne."

Da ya ga ban gamsu ba ya ce, galibi abin da za ka iya miƙewa tsaye ka taka a cikinsa, kamar bas ko jirgi, «on» yake ɗauka. Na ce to jaki fa? Ya ce jaki ai a kansa kake, «on». Na ce kamiyo fa? Ya ce wannan sai ka tambayi mai takarda ko gaba ya zauna ko saman buhuna. Na ɗauka wasa yake. Daga baya na gane nan rabin sana'ar take. Sau da yawa amsar ba ta cikin littafi, tana bakin wanda ke zaune a gabanka, sai ka tambaye shi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai mashin, da ƙyallen tawadarta da muke shafa wa mai in ya bushe don ya ƙara kwana. Akwai reza ta kankare kuskure, da fensir, da karbon. Kowace wasiƙa kwafi uku muke yi: ɗaya a aika, ɗaya mai ita ya riƙe, ɗaya ta shiga dosiye a akwatin ƙarfe. Littafin karatunmu kuwa tsofaffin jaridun Najeriya ne da 'yan kasuwa ke naɗo kofuna da faranti a ciki. Akawu yakan aika a karɓo su kafin masu tsire su rigaye shi. Sai mu shimfiɗe su, ya ba ni fensir, in bi layi layi ina zagaye kowace ƙaramar kalma tare da wadda ta gabace ta. Shekara shida na yi a haka. Da idonsa ya yi rauni ya koma gida, ya bar mini rumfar da akwatin. Daga baya ordinater, wato kwamfuta, da firinta suka maye gurbin mashin, amma ban daina ajiye kwafi na uku ba.

Aikin da ya haɗa ni da Malam Isufu baduku 'yar takarda ce da ba ta kai tafin hannu ba. Yana da shago a unguwar Birni, yana ɗinka jakunkuna da takalma da matasan fata, kuma a lokacin baƙi na zuwa garin nan suna saye. Wani ya rubuta masa 'yan takardun da yake rataya wa jakunkuna, ya lura duk Baturen da ya karanta sai ya yi dariya ya nuna wa abokinsa. Ya kawo mini guda ya ce, "Mushe, duba mini, ko zagina aka yi." Mushe ɗin nan «Monsieur» ne na Faransanci, haka ake kirana.

An rubuta «made by camel». Na ce, "Ba zagi ba ne, Malam. Cewa aka yi raƙumi ne ya ɗinka."

Ya yi dariya har ya dafa benci. Muka zauna na tambaye shi abin da yake son mai saye ya sani. Ya ce fatar da aka yi da ita, da cewa aikin hannu ne, da garin da aka yi. Na rubuta masa layi uku: «made of camel leather», «made by hand», «made in Zinder». Kalma ɗaya ce «made», abin da ke bayanta ne ke sauya zancen. Daga ranar duk takardar da ta shigo shagonsa nan take ƙarewa, kuma shi ya jawo mini sauran badukai da mutanen majema. Shekara goma sha biyar muna tare. Jakar da nake zuba takardu a ciki a lokacin shi ya ɗinka mini, bai yarda na ba shi komai ba.

Sauran masu zuwa iri-iri ne. Akwai ɗalibai masu neman makaranta a Najeriya, da fatake 'yan Kano da aka ba wa takardar duwan, wato kwastan, da Faransanci, da marasa lafiya da suka dawo daga asibitin Kano da rubutun likita. Waɗannan na ƙarshe nake tsayawa a kansu sosai, domin «for three days» na nufin a yi kwana uku ana shan magani, «in three days» kuwa na nufin bayan kwana uku. Ba na raina wayarku. Na gwada ta, ta fi ni sanin manyan kalmomi, kuma sau da yawa tana dacewa a kan ƙananan ma. Abin da ba ta yi shi ne tsayawa ta tambayi mutum me yake nufi. Abin da ka ba ta shi take juyawa.

Wasiƙar da ta kawo mini mummunar shekarata ta 'yar Malam Isufu ce, Barira. Yarinya ce mai ƙoƙari. Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a nan, ta tafi wurin gwaggonta a Kano ta yi shekara tana gyara Ingilishinta, sannan ta zauna jarrabawar shiga wata makarantar ungozoma, ta ci. Gurbin 'yan ƙasar waje kaɗan ne, ta samu ɗaya. Takardar makarantar ta ce akwai mako guda na gabatarwa ga sababbin ɗalibai a tsakiyar Oktoba, kuma kowace ɗaliba dole ta iso «by the first of November», wato kada ɗaya ga Nuwamba ta wuce ba ta zo ba. Wadda ba za ta iya ba, ta sanar don a ba wata gurbinta.

Ta dawo gida yin sallama, sai kabu-kabu ya kayar da ita a hanyar Sabon Gari, ƙafa ta karye. Aka yi mata ɗori a asibiti, likita ya ce ba za a kwance ba sai ƙarshen Oktoba. Malam Isufu ya zo mini ran wata Juma'a da hantsi. Ya ce in rubuta musu cewa ba za ta samu makon gabatarwa ba, amma ɗaya ga Nuwamba tana can. Barira da kanta za ta iya rubutawa, sai dai tana kwance, shi kuma ya ce takardar hukuma sai Mushe.

Lokacin masallaci ya matso, mutum uku na jira a benci. Takardar makarantar na buɗe a gefen hannuna, an ja wa «by» layi a ƙasa. Abin da ya kamata in buga shi ne «She cannot come until November», wato ba za ta zo ba sai Nuwamba, ma'ana za ta zo. Abin da na buga shi ne «She cannot come by November», wato Nuwamba zai kama ba ta iso ba. Idona ne ya ɗauko kalmar daga takardarsu ya sa ta a tawa. Ba rashin sani ba ne. Bambancin «by» da «until» na koya wa ɗalibai da yawa. Ban ƙara layin da zai faɗi ranar zuwanta ba, domin a kaina jimlar ta riga ta faɗa. Ban kuma sake karantawa ba, saboda irin wannan wasiƙa na rubuta ta ba iyaka. Malam Isufu ya sa hannu, na liƙe ambulan, ya kai wa direban Kano a tasha.

Ranar ƙarshe ta Oktoba suka tafi, shi da ita, da akwati da katifa da bokiti, tana dogara sanda. Kwana huɗu bayan haka na gan shi tsaye a bakin rumfa. Na nuna masa benci bai zauna ba.

"Mushe, kana da kwafin wasiƙar nan?"

"Ina da shi. Lafiya dai?"

"Sun ce mu muka rubuta cewa ba za ta zo ba. Sun ba wata gurbin tun makonni uku. Sun ce sun aiko da amsa, ba mu gani ba. Na rantse musu ban faɗi haka ba. Ɗauko mu gani."

Na buɗe akwati na zaro kwafin. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba na gani. Da na ga dama da na ce mutanen makaranta ne ba su fahimta ba, kuma da ya yarda, domin ba ya karanta Ingilishi. Na ce, "Malam, gaskiyarsu ne. Abin da na rubuta ke nan. Ga kalmar nan, harafi biyu. Kai ka faɗa mini daidai, ni na sa ba daidai ba."

Ya karɓi takardar ya kawo ta kusa da ido, yana duban wurin da na nuna masa da yatsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Wannan 'yar?"

"Ita."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ajiye takardar a tebur. "To yanzu yaya za a yi?"

Na ce gobe da safe mu koma tare.

Mun bi ta Matamaye, muka isa Kano bayan azahar, muka kwana gidan gwaggon. Barira ta gaishe ni da ladabi daga bakin ƙofa, ta koma ciki. Washegari muka shiga ofishin magatakardar makarantar, wata mata mai kimanin shekaruna. Ta saurare ni har na gama. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Ingilishi don ta ga ba jahili ne ya rubuta ba, ko da yake ban san amfanin da hakan zai yi ba. Ta ɗauko wasiƙar daga cikin dosiye ta shimfiɗa a gabanmu.

"Malam, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Hajiya."

"To in kai ne a kujerata, ka karanta wannan layi, me za ka fahimta?"

"Abin da kika fahimta."

Ta ce ta yarda kuskure ne, kuma ta ji tausayin yarinyar. Amma wadda aka ba gurbin ta taso daga nesa, iyayenta sun kawo ta, an ba ta gado, ta ɗinka kayan makaranta. Ta ce, "In na kore ta, me zan ce ta yi?" Malam Isufu ya roƙa a ƙara kujera ɗaya. Ta ce adadin ba a hannunta yake ba, daga sama ake yanke shi. Abin da za ta iya shi ne Barira ta sake zama jarrabawa baɗi. Muka yi godiya muka fito. A mota, mu uku har da Barira, daga Kano har iyaka, abu ɗaya ya ce mini: in matsa kaɗan, sandar yarinya na tokare shi.

Baɗi ta sake zama. Ta ci, amma sunanta ya zo ƙasa da adadin da ake ɗauka. Shekara ta biyu ta tafi wajen neman shiga makarantar kiwon lafiya ta nan gida, inda a ƙarshe aka ɗauke ta, ta yi karatun da Faransanci. Shekara biyu ke nan ta rasa.

Ni kuma labari ya zaga. Malam Isufu ba mai yawan magana ba ne, ban ji ya ɓata ni ba, amma an ga sun tafi da katifa sun dawo da ita, an tambaya. Badukai suka ɗauke ƙafa, mutanen majema suka bi su. Ɗalibai suka koma wurin wasu samari da suka buɗe shagon intanet kusa da tasha. Iyaye na cewa Mushe Sani ya tsufa, ido ya tafi, alhali a lokacin ko tabarau ban fara sawa ba. Akwai makonnin da ban sa takarda ko ɗaya a firinta ba. Ina buɗewa da safe, in share, in zauna, in rufe da la'asar. Har na fara karɓar aikin cike fom na Faransanci, wanda kowane ɗan kolej zai iya. Ba zan ce an zalunce ni ba. Mutum ya kawo maka abin da ba ya iya karantawa, ya sa hannu a kai saboda kai ka ce. In hakan ya karye, ba shi da dalilin dawowa.

A wannan zama na sauya yadda nake aiki, kuma shi ne abin da zan ce ku ɗauka in za ku ɗauki wani abu. In na gama wasiƙa ba na miƙa ta. Ina kife ta a tebur in yi wani abu, ko da shan ruwa ne. Sannan in ɗauko ta kamar wani ne ya rubuta, in zagaye kowace ƙaramar kalma da fensir, in karanta wa mai ita da Hausa abin da Ingilishin ya faɗa, ba abin da ya ce mini in faɗa ba. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. In akwai rana a cikin zancen, ina rubuta ta sau biyu ta hanya biyu: «until November», sannan a layi na gaba «She will arrive on the first of November». In ɗaya ta zame, ɗayar ta riƙe. Kuma in an kira salla ina tsakiyar wasiƙa, wasiƙar ce ke jira. Mutane sun yi ta ƙorafin ina da nawa. Sannu a hankali dai suka dawo, ba duka ba. Malam Isufu bai sake kawo mini takarda ba. Muna gaisawa a masallaci da wurin suna, har Allah ya yi masa rasuwa, na je jana'iza, na zauna zaman makoki kwana uku.

Aikin ƙarshe da zan ba ku labari na bara ne. Da safe wata mata ta sauka daga babur a bakin rumfa, da farar riga a ƙarƙashin mayafi. Sai da ta yi magana na gane Barira ce. Ita ce babbar ungozoma a wani ɗakin haihuwa na karkara wajen Garagumsa. Muka gaisa, na tambayi yara da maigida, ta tambayi iyali. Ta zaro wata takarda mai shafi huɗu daga jaka.

"Baba, an ba mu gudummawar magunguna, bayanin duk da Ingilishi ya zo. So nake a juya shi Faransanci da Hausa, in liƙa a bango, saboda abokan aikina. Ina karantawa, amma ba na so in dogara da kaina ni kaɗai."

Na ce ta bari ta dawo jibi. Ta ce a'a, za ta jira, yau ba ta da aiki. Ta ja benci kusa da tebur ta zauna.

Muka fara. Ina karanta layi, in faɗi ma'anarsa, ita tana bi da yatsa a kan takardar. Akwai «into the muscle», cikin tsoka. Akwai «under the tongue», ƙarƙashin harshe. Akwai «every six hours for two days». Wani wuri ta gyara mini sunan wani abu na aikinsu da Faransanci, na karɓa. Masu jira suka zo suka gaji suka tafi. Ba ta ambaci wancan zancen ba, ni ma ban ambata ba.

A shafi na uku muka iso wani layi a kan allurar da ake yi wa mai jego don tsayar da jini. An rubuta «within one minute of delivery». Na ce, "Cikin minti ɗaya da haihuwa. Kada minti ya cika ba a yi ba."

Ta ɗora yatsa a kan kalmar ta farko. "Baba, ba bayan minti ɗaya ba?"

"A'a. Da bayan minti ɗaya ake nufi, da «after» suka sa. Wannan kafin ya cika ne."

"Sake dubawa, Baba."

Na san amsar tun kafin a haife ta. Na gyara tabarau, na jawo takardar, na sake dubawa.